Ƙibar Da Na Yi A Gonar Dabino

Duk wanda ya ga hotona na Sallah, wanda nake sanye da farar jallabiya a gindin dabino, ya kuma zo ya gan ni yanzu, tambayarsa ɗaya ce: ina ƙibar ta tafi? Wasu su tambaya a gabana, wasu su bari sai na ba da baya. Na gaji da amsawa. Ga shi nan na rubuta, mai karatu ya karanta wa marar karatu, a bar ni in huta.

Sunana Haladu. Masunci ne ni, daga wani ƙauye a bakin Tiga ta ɓangaren Bebeji. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa. Ina goye aka tashe mu, ban san shi ba sai a bakin manya. Da kifi ya ja baya, bakunan da ke jiran tuwo a gidana kuma suka ƙaru, sai na bi sahun masu fita. Na doshi hamsin a lokacin, shekarun da ya kamata mutum ya nemi inuwa ya zauna.

Yadda na bar gida ba labari ba ne, kowa ya san yadda ake barin gida. Zan fara daga inda motar kafilina ta tsaya, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki a Saudiyya. Ya nuna min wani ɗakin kwano a tsakiyar dabinai, ya ce nan ne. Na duba gabas na duba yamma, ina neman ruwa. Ejan ɗin da ya yi min hanya a Kano ya dafa ƙirji ya ce gonar kifi ce, tafki na bin tafki. Ruwan da na tarar shi ne wanda ke ɗiga daga baƙin tiyo a gindin itace, ko kwaɗo ba zai yi wanka a ciki ba. Na kira lambar ejan, aka ce a kashe take. Har na baro ƙasar a kashe take.

Aikin shi ne hawa. Ka ɗaura igiya a ƙugu, ka hau, ka sassake ƙaya, in dabino ya nuna ka sauko da shi. Abokan aikina 'yan Bangaladash ne. Mutanen kirki, sai dai ba ma jin juna. Su zuba min shinkafa, in ce na gode, su yi murmushi, hira ta ƙare. Sai in yi mako ban yi Hausa ba, in ba tuntuɓe na yi ba.

Tuntuɓen ne ma ya haɗa ni da Abakar. Wata rana tiyo ya harɗe min ƙafa na faɗi, na ɗura masa ashar irin na bakin ruwa, sai na ji an ce daga bayana, "Bawan Allah, tiyo ba shi da uwa." Na waiwaya na ga dattijo da rawani irin na Sudan, yana kora tumakin kafili. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, suka zauna. Bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, mai nauyi. Daga ranar, in rana ta yi sanyi nakan je garkensa mu sha shayi, ya ce in ba shi labarin ruwa. In gaya masa yadda ake jin motsin tarwaɗa a igiya tun ba a gan ta ba, ya yi ta girgiza kai.

Ranar Juma'a nake kiran gida, a wayar ƙanena Ya'u. Waya ta zaga: matata Rabi, yara ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta. Mutum ɗaya ce ba ta karɓa, Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, ba ta rage komai ba. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, "mutumin can" take cewa. In tana da magana da ni, ko ina tsaye a tsakar gidan, sai ta faɗa wa Ya'u ko Rabi, su juyo su faɗa min abin da na riga na ji. A gida wannan bai taɓa damuna ba. Ina ganinta tana tankaɗe, tana ganina ta wutsiyar ido, ya ishe mu. Amma waya ba ta da wutsiyar ido. Sai in ce a gaida Inna, in ji Ya'u ya ɗaga murya ya ce ana gaishe ta, ya dawo ya ce tana amsawa. In ƙara manna wayar a kunne ko zan tsinci tarinta.

Ciwon kuwa da shi na tafi. Shekaru ina fama da bayan gida mai jini da majina. A wajenmu duk abin da ya fito ta ƙasa basir ne, don haka basir na kira shi. Ba saiwar da ban jiƙa ba, ba mai lasifikar da ban tsaya gabansa ba ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi. Ya lafa, ya dawo. A gonar dabino ya dawo ya shimfiɗa tabarma. Ka ɗauka kana ƙololuwar itace, igiya a ƙugu, cikinka ya murɗa. Ba zan ƙara bayani ba.

Wata Juma'a a cikin gari na haɗu da wani ɗan ƙasarmu a ƙofar masallaci, ya rungume ni kamar uwarmu ɗaya. Da ya ji matsalata ya ce Allah ne ya haɗa mu, yana da na basir da aka kawo daga gida. Ya karɓe abin da ke aljihuna ya ba ni ƙulli. Na kwana biyu ina sha kafin harshena ya gane kuka ce da kanwa. Miya na yi ta sha ba gishiri ba daddawa. Da na gaya wa Abakar ya yi dariya har da hawaye, ya ce in kawo ragowar, ya daɗe bai ci tuwo da miyar kuka ba. Ya tuƙa mana. Loma biyu na yi na ture kwanon, a nan ya daina dariya ya dube ni.

Don wani sabon abu ya shigo. Zafi a ƙasan ƙirji kamar an ajiye garwashi. Abinci ya fita daga raina, in na matsa na ci in amayar da shi da wani yauƙi kamar kuɓewa. Abin mamaki, maimakon in rame sai na fara cika. Ƙafafu suka fara, sannan ciki, sannan fuska. Takalmin da na zo da shi, sau-ciki na fata da na saya a Tudun Wada, ya ƙi shiga. Na koma silifa, ita ma sai da na tsaga maɗaurinta.

Ana haka Sallah ta zo. Abakar ya ara min farar jallabiya, wani ɗan Bangaladash ya ɗauke ni hoto. Na tura wa Ya'u. Ba da wata manufa ba, so nake su ga ina raye.

Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Ya'u ya ce, "Yaya, wannan kai ne ko kafilin naka?" Ya ɗora hoton kowa ya gani, daga Kiru har Doguwa duk inda muke da dangi. Abokaina masunta suka ce yanzu in na shiga kwalekwale sai ya nutse. Waɗanda ba su taɓa tambayar lafiyata ba suka samo lambata, mai neman injin ban-ruwa, mai neman babur. Rabi kuwa fushi ta yi, wai ashe kaji nake ci shi ya sa ba na maganar dawowa. Na yi dariya tare da su. A wajenmu wanda ya fita ya yi ƙiba ya samu ke nan, ba a neman wata shaida. Kuma karon farko ke nan da aka yi alfahari da ni a kasuwa.

Juma'ar da ta biyo, Rabi ta ce akwai saƙo. An kai wa Inna hoton ta kawar da kai kamar yadda aka sani, amma da mutane suka watse ta ce Rabi ta ajiye mata wayar a kan turmi ta je ta ɗebo ruwa. Da ta dawo, Inna ta ce a tambayi mutumin can ko takalminsa yana shiga ƙafarsa. Rabi na faɗa tana dariya, wai tsufa ya fara taɓa Inna. Ni ban yi dariya ba. Ba a kawo Rabi gidanmu ba lokacin da Babanmu ya yi ciwon ajali. Shi ma cika ya yi, ana yi masa barka da murmurewa, kuma takalmi ne ya fara ƙin shigarsa. Na dubi tsagaggiyar silifata na ce a gaya mata yana shiga lafiya lau.

Zangona na gaba wani ƙaramin asibiti ne a bakin titi. Ban san yadda na je ba. Na san dai ina kwance igiya daga ƙuguna a gindin itace duniya ta yi duhu. Kafili ne ya ɗauke ni a motarsa, ba zan ci haƙƙinsa ba, bai yar da ni ba. Likitan wurin ya danna babban yatsansa a ƙwaurina ya ɗaga, sai ga rami kamar an danna tuwo. Muka tsaya ni da shi muna kallon ramin, ya ƙi cikowa. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne.

Daga nan aka wuce da ni babban asibiti a birni, inda na fi daɗewa. Suka duba ƙoda, lafiya. Zuciya da hanta, lafiya. Sai suka zura min wata igiya mai kyamara ta baki, wata ta ƙasa. Ranar da za a yi min bayani Abakar ya bar wa 'yan Bangaladash tumaki ya hau motar haya ya zo, don Larabcina bai wuce na gaisuwa ba.

Likitan ɗan Masar ne mai furfura. Ya ce na ƙasa ba basir ba ne, babban hanjina ne ya yi gyambo tsawon shekaru, kuma akwai maganinsa. Sannan ya nuna min hoton tumbina. Na sha ganin tumbi a wajen mahauta, ban taɓa ganin irin wannan ba. Fatar cikinsa ta yi ta tsiro tana ninkuwa, tudu a kan tudu, kamar ƙwaƙwalwar saniya. Ya ce fatar nan da ta yi kauri yoyo take yi. Abin da ke riƙe ruwa a cikin jini, wanda ake samu daga nama da ƙwai da wake, ta nan yake tsiyayewa. In ya yi ƙaranci sai ruwan ya fita daga jijiya ya taru a ƙarƙashin fata. Na ce Abakar ya gaya masa na gane. Kwalekwale ne ya fashe a ƙasa, ana ta kwarfa ta sama. Likitan ya ce ciwon ba a cika ganinsa ba, shi kansa a littafi ya fi saninsa, kuma a wasu mutane ƙalilan yakan zo tare da irin gyambon hanjin nan nawa. Sunan wani Bature aka sa masa, har yau bakina bai iya faɗa ba.

Da yake abin baƙo ne, sai na zama abin kallo. Kullum da safe ɗalibai su kewaye gadon, a danna ƙwaurina, a nuna musu hoton, su yi ta gyaɗa kai. Sun san cikina fiye da ni, ba wanda ya san sunan garinmu. A gida in mutum ya kwanta asibiti sai an kori 'yan dubiya, wannan da fulas ɗin kunu, wancan da ayaba. Ni kujerar gefen gadona sai Juma'a take ganin mutum, in Abakar ya samu mota.

A gadon kusa da ni wani Balarabe ne, sa'ana. Kullum tsohuwarsa za ta zo ta dafa goshinsa, ta yi ta kiran sunansa tana masa faɗa a kan taba. Sunan nan na ji shi har na haddace. Nakan juya fuskata bango. In za ta tafi sai ta ajiye min dabino a kan durowa, ta ce wani abu da ban gane ba. Ba na iya ci, amma ban taɓa mayarwa ba. Tarawa nake in ba Abakar.

Maganin hanji ya karɓe ni, jinin ya tsaya. Likita ya sa rai ko tumbin ma zai bi, don ya ce a wasu hakan na faruwa. Nawa bai bi ba. A ɗaura min ruwa kumburin ya sace, bayan kwana kaɗan in sake cika. Ƙwai kuwa na ci har na tsani kaza. Wata safiya likitan ya zo ba ɗalibai, ya ja kujera, ya sa aka kira Abakar a waya. Ya ce shawararsa a cire tumbin gaba ɗaya, a haɗa maƙogwaro da hanji. Ana rayuwa haka, sai dai cin abinci kaɗan-kaɗan, da allura lokaci-lokaci har ƙarshen rai. In an bar shi ƙarfina zai ci gaba da tsiyayewa, kuma irin wannan fatar tana iya juyewa ta zama ciwon daji. Ya ce kar a daɗe, jikin da ya gama raunana ba ya ɗaukar wuƙa.

Na ce sai na ji daga bakin mahaifiyata. Ya ce ni ba yaro ba ne, yardata kawai ake buƙata. Na ce jikin nan ba ni na yi shi ba. Ko haƙori da za a cire min a Bebeji sai da na aika aka gaya mata. Ba zan bari a fitar da tumbi guda daga abin da ta haifa a yar a ƙasar wasu ba, ita tana can tana tankaɗe ba ta sani ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to in yi sauri.

Faɗa wa Ya'u ya fi hawan dabino wuya. Da farko ya ɗauka dabarar korar masu roƙo ce. Sai da na kunna kyamara na danna ƙwaurina ya ga ramin. Ya miƙa wayar. Rabi ta karɓa tana kuka tana neman gafarar maganar kaji. Kafin kwana biyu gida ya cika da shawara. Kawu Ila, ƙanin Babanmu, ya ce ba wani ciwon Bature, bakin mutane ne. Hoton nan da aka yi ta yawo da shi, wa ya ce Masha Allahu? A dawo da ni, akwai mai magani a Burumburum, kuma a danginmu ba a taɓa binne mutum da ragi ba. Na ce wa Ya'u duk na ji, me Inna ta ce?

Ya dawo da amsa: ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Wannan addu'a ce, ba amsa ba ce. Na sake aikawa, aka sake kawo min ita. Na san dalili. Uwa ba ta sa baki a maganar ɗan fari, balle ƙanin uba ya riga ya yi magana. In ta ce a yi, ta nuna so a fili, ta zubar da kunyar da ta tsare tun tana yarinya. Kwanaki suka yi ta wucewa. Likita ya daina tambayata, sai dai ya tsaya a ƙofa ya dube ni ya wuce. Zuwa banɗaki ya koma sai da dafa bango. Abakar ya ce min, "Ɗan uwa, kakata ta mutu a Sudan tana cewa baɗi za ta koma gida. Kar ka yi ta jira."

Wata rana bayan la'asar na kira Ya'u na ce ya shiga wajen Inna, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a kan tabarmarta. Ya ce ba za ta yi magana ba. Na ce ya ajiye.

Na ji gidanmu. Akuya tana kuka, wani yana ta jan injin ban-ruwa daga can fadama yana ƙin tashi. Na ji ƙarar rariya ta tsaya.

Na ce, "Inna, ina wuni."

Sai ta ce, "Ya'u, ka ce lafiya lau."

Na yi mata bayani yadda zan iya, da abin da likita ya ce, da abin da Kawu ya ce. Na ce takalmin ba ya shiga, tun ranar da ta tambaya ba ya shiga.

Ta ce, "Ya'u, ka ce masa na sani."

"To me kika ce?"

"Ka ce masa Allah ya zaɓa..."

Ban taɓa katse ta ba a rayuwata, ranar na katse. Na ce, "Inna, ba Ya'u za a yanka ba, ni ne. In kin ce in taho, gobe zan nemi jirgi in zo in mutu a ɗakina. In kin ce in tsaya, in tsaya. Amma ba zan karɓa daga bakin kowa ba."

Sai na ji ta ce wa Ya'u ya kwashe yaran su fita zaure. Na ji takunsu. Na ji tabarma ta motsa, numfashinta ya matso kusa da wayar.

"Haladu."

Ashe haka sunana yake. Na ƙara manna wayar a kunne.

"Haladu, kana jina?"

Na ce ina ji.

Ta ce, "Ranar da aka tashe mu, kowa yana ɗaukar abin da zai iya. Na bar ɗakina, na bar tukwanen da mota ba ta ɗauka ba, na bar kabarin uwata. Kai na goya. Ban waiwayi abin da na bari ba. Ka bar musu tumbin. Ka kawo min sauran."

Daga nan ta ɗaga murya ta ce Ya'u ya zo ya ɗauke abarsa.

Tsohuwar Balaraben nan tana gefe tana kallona, ƙato da gemu yana kuka kamar an yaye shi. Ta ajiye dabinonta, ta faɗi abin da ta saba faɗa. Na danna ƙararrawa na ce a kira likita.

Aikin da abin da ya biyo baya ba zan ba da labarinsu ba, ba su da daɗin maimaitawa. Na koyi cin abinci da cokalin shayi. Ruwan ya tsiyaye, kumatun suka tafi, aka bar ni ƙashi da fata. Kafili ya sallame ni, don mai hawa dabino yake so. Abakar ya rako ni har tashar mota. Ya ce in na isa in tsaya a bakin ruwan nan namu in kira shi, ba sai na yi magana ba, in dai kara wayar ya ji. Na yi masa hakan, kuma ina yi.

Ranar da na iso, mutane suka taru a ƙofar gida, ana sannu da zuwa ana kallon wuyana. Kawu Ila ya ce ai ga irinta nan. Na shiga ciki, na tuɓe takalmi, na durƙusa daga nesa inda na saba durƙusawa. Inna tana tankaɗe. Na gaishe ta. Ba ta dubi fuskata ba, ba ta kuma kira sunan ba. Har yau ba ta sake kiransa ba, ni ma ban nema ba.

Takalmin ta kalla. Sau-cikin nan ne na Tudun Wada, ga tsumman da na cusa a ciki don ya kama ƙafata yana leƙowa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Rabi, takalmin mutumin can ya yi masa yawa. A dama masa kunu. A ƙaramin kofi, an ce kaɗan-kaɗan yake sha."

Ta ci gaba da tankaɗe, alhali garin da ke cikin rariyar ya daɗe da ƙarewa.